Wata takwas da dashen ɓargo, jininta ya sake sauka: dashen ne bai kama ba?

Assalamu alaikum. Daga Tawa nake rubuto muku. Ɗiyata mai shekara 13 da ciwon emasi, wato sikila, aka haife ta, SS. A watan Fabrairu aka yi mata dashen ɓargo a Indiya, wanta mai shekara 17 ne ya ba ta, shi AS ne. Wata huɗu ke nan da muka dawo gida, kuma tun dashen ba ta sake ciwon ƙashi ba, alhamdu lillahi. Sai dai awon wannan wata ya hana ni barci. Jininta da ya kai 11,4 ya sauko 9,8, plaket dubu 105, rabon ɓargon wanta ya sauko daga kashi 100 zuwa 82, takarda kuma ta nuna har yanzu akwai S kashi 38. Ta yi masassara a watan jiya, aka ce palu ce. Gashi ya fito mata a fuska da hannuwa, mata suna cewa jinin namiji ne. Surukata ta ce dashen bai kama ba, gona muka sayar a banza, a bar siklosforin a sa ta kan maganin ƙarin jini. Lokotoron da ke bin ta yana Yamai. Ga lakol ta buɗe, kullum kuka take a bar ta ta koma. Mi zan yi?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ƙara wa yarinya lafiya, Ya saka wa wanta da alheri.

Abu biyu kada a yi ko da na kwana ɗaya ne: kada a tsayar da siklosforin, maganin danne garkuwar jiki da take sha don dashen, kada kuma a ba ta maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Lambobin da kika rubuto ba na dashen da ya lalace ba ne. Suna dai buƙatar a bi su kusa, kuma likitan da ke Yamai da waɗanda suka yi dashen a Indiya su gan su cikin wannan mako. Ki ɗauki hoton takardun a fili, kowace da kwanan watanta, ki tura musu yau.

Mu fara da S ɗin nan mai kashi 38, tunda shi ne ya fi tsorata gida, alhali shi ne mafi sauƙin bayani. Ɓargon wanta ne ke yi mata jini yanzu, wanta kuwa AS ne. Duk mai AS za a tarar da S a jininsa, yawanci tsakanin kashi 35 zuwa 45, kuma lafiyarsa ƙalau yake yawo. Jinin ɗiyarki ya koma irin na wanta ke nan, abin da aka je nema tun farko. Inda za a damu shi ne S ya riƙa hawa awo bayan awo har ya haura kashi 50, domin wannan yana nuna tsohon ɓargonta na SS yana sake karɓe wurin. Ki tuna kuma, in an ƙara mata jini, awon elektroforez, wanda ke nuna kashin S ɗin, ba ya faɗin gaskiya sai bayan kusan wata uku, don jinin da aka ƙara yana rufe nata.

To me ya sa bayan wata takwas jinin bai cika ba? Ke mutuniyar Adar ce, kin san dashen albasa. Ana ciro iri a dasa a fangali, cikin ƴan kwanaki ganye ya miƙe ya yi kore, wanda bai sani ba ya ce aiki ya ƙare. Mai garka ya san saura watanni kafin ta yi kai ta ƙosa, ya san kuma ƙishirwar kwana biyu a tsakani tana iya mayar da ita baya. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin iri, su ne iyayen duk wani jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da plaket masu tsayar da zubar jini. Kafin dashe an kashe nata da magani mai ƙarfi. Abin da aka ɗebo daga ƙashin ƙugun wanta bai wuce mililita 20 a kowane kilo na nauyinsa ba, ɗan kaɗan ne daga ɓargonsa, shi ya sa nasa ya cike cikin makonni. Wannan ɗan kaɗan ɗin ne aka ɗora wa aikin cika ƙasusuwan mutum guda.

A cikin abin da aka zuba mata akwai ƙwayoyin da sun riga sun fara girma, su ne masu saurin haihuwa. Su suka fito da netrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, cikin mako biyu zuwa uku, ranar da aka ce muku a asibiti dashe ya kama. Amma waɗannan masu gajeren zango ne, suna aiki makonni ko ƴan watanni su ƙare. Ainihin ƙwayoyin iri, masu zama har ƙarshen rayuwa, a hankali suke rabuwa. Sai sun sami gurbinsu a cikin ƙashi, gurbin da shi ma maganin ya ƙona shi yana kan warkewa, sannan su hayayyafa su riƙe aikin. Likitoci sun daɗe da lura cewa ko bayan lambobin jini sun daidaita, ajiyar ƙwayoyin iri a ɓargon wanda aka yi wa dashe takan zauna ƙasa da ta sauran mutane tsawon shekaru. Ma'anar wannan a gida ita ce: ɓargonta yana iya ciyar da jikinta a ranar lafiya, amma rumbunsa bai cika ba. Palu ɗin da wanta zai yi ya tashi ba tare da jininsa ya motsa sosai ba, ita sai ta sauke mata jini da plaket, kuma dawowarsu ta ɗauki makonni. Shekara ɗaya zuwa biyu ake ba wa wannan aiki, wani lokaci fiye.

Saboda haka lamba ɗaya ba ta yanke hukunci, jerin lambobi ne ke magana. Ki sami kaye guda, ki ja layuka: kwanan wata, emoglobin (lambar yawan jini), netrofil, plaket, kireyatinin (awon aikin ƙoda), sai gefe guda ki rubuta abin da ya faru a makon, masassara ko sabon magani ko haila. Takardun awo na nan sukan rubuta G/L: plaket 105 G/L shi ne dubu 105, netrofil 0,5 G/L shi ne 500. Ga iyakokin da za ki riƙe a ka. Netrofil ƙasa da 1000, a kira likita a ranar. Ƙasa da 500, asibiti. Plaket ƙasa da dubu 50, a kira. Ƙasa da dubu 20, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ko jini a dasashi, ko ɗige-ɗigen ja a ƙafafu, asibiti. Emoglobin ƙasa da 8, ko ya faɗi da maki biyu cikin mako biyu, a kira. Nata 9,8 da dubu 105 ba su kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Duk da haka sai an nemo dalilin saukar. Palu ce ta fi kusa, amma ba a tsayawa kanta a rufe ido. A sake awon NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, cikin kwana bakwai zuwa goma, a haɗa da retikulosit, wato jajayen ƙwayoyi sababbin fitowa. Wannan awo ɗaya yana raba hanya biyu. In sun yi yawa, ɓargo yana aiki, jinin ne ke fashewa ko yake zuba: ragowar palu, haila mai yawa, garkuwar jiki da ke fasa jajayen ƙwayoyi, ko siklosforin da ke ɓata ƙananan jijiyoyin jini. In sun yi kaɗan, wani abu ne ya danne ɓargon: magani, ƙwayar cuta irin CMV ko farbobirus B19, ƙarancin folat ko B12, ko ƙoda da ta gaji ta rage sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jini. Bactrim da take sha don kare huhu yana cikin magungunan da ke sauke netrofil da plaket. Kada ki tsayar da shi da kanki, domin ciwon huhun da yake karewa yana kisa. In shi ne, likita yana da abin da zai musanya da shi. Akwai wata tambaya da ake yawan mantawa: an taɓa auna wanta G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyi daga fashewa? Ƙarancinsa ya yawaita a mazan yankinmu, kuma jajayen ƙwayoyinta yanzu nasa ne. In yana da wannan ƙarancin, ita ma wasu magunguna za su riƙa fasa mata jini, abin da ba ta da shi a da.

Sai rabon ɓargo, wanda suke kira shimerizim. Saukowa daga 100 zuwa 82 yana nufin wasu ƙwayoyinta na asali sun tsira suna zaune tare da na wanta. A dashen da aka yi don kansar jini wannan abin tsoro ne, don cutar na iya dawowa da su. A emasi lamarin daban yake. Jar ƙwayar SS kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, ta wanta kuwa tana kai kwana 120, don haka ko ɓargonsa bai mamaye ko'ina ba, jininsa ne ke cika jijiya. An ga cewa in rabon mai bayarwa a layin da ke haifar da jajayen ƙwayoyi da netrofil ya tsaya sama da kashi 20 zuwa 25, emasi ba ta dawowa. Yara da dama suna zaune lafiya shekaru da ɓargo gauraye. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko 82 ɗin zai tsaya ko zai ci gaba da gangarowa. Mu a ganinmu bai kamata a jira wata uku ba. Ki roƙi a maimaita bayan wata guda, kuma in da hali a raba awon gida biyu, na layin netrofil da na ƙwayoyin T, wasu fararen ƙwayoyi na garkuwar jiki. Jinin ana ɗibarsa a ƴar kwalba mai murfi kalar albasar Galmi, ana iya aika shi inda ake awon ba sai yarinya ta yi tafiyar ba. In ya ci gaba da sauka, masu dashen ne za su yanke abin yi da siklosforin, a riƙe shi ko a canza, kuma akwai matakin ƙaro mata ƙwayoyi daga wanta. Duk waɗannan suna amfani ne in an farga da wuri.

A nan ne shawarar tsayar da siklosforin ta zama haɗari. Maganin yana riƙe ɓangare biyu ne kada su far wa juna: ragowar garkuwarta kada ta kori ɓargon wanta, garkuwar wanta kuma kada ta far wa fatarta da hantarta da hanjinta, abin da ake kira GVH. A yanke shi dare ɗaya, ɗayan biyun na iya tashi. Ana sauke shi ne kaɗan-kaɗan cikin makonni, galibi tsakanin wata na shida da na sha biyu, bisa jadawalin likita. Gashin fuskarta shi ne ya kawo shi, ba jinin namiji ba. Siklosforin yana tsirar da gashi ga mace da namiji, yana kumbura dasashi, yana sa rawar hannu, kuma gashin yana zubewa cikin watanni bayan an daina. Ɓargo jini yake yi kawai, ba ya taɓa halittarta ta mace. Ki faɗa mata wannan da bakinki, ku biyu a ɗaki, domin yarinya mai shekara 13 ta ji abin da matan ke faɗa ko ba ta nuna miki ba.

Shan sa kuma yana da ƙa'ida. Awa 12 tsakanin sha da sha, misali takwas na safe da takwas na dare, kullum. Ranar awon yawansa a jini, a ɗebi jinin kafin shan na safe. In ta sha sannan aka ɗiba, lambar za ta fito sama, a rage mata magani bisa kuskure. Ƙoda ce ke ɗaukar nauyinsa, ƙishirwa kuwa tana ninka wahalar, ga zafin Tawa. Ta sha ruwa lita biyu ko fiye a yini sai in likita ya ƙayyade, fitsarinta ya zama fari-fari. Gudawa ko amai na yini guda dalili ne na auna kireyatinin. Azumi ba nata ba ne muddin tana kansa. A auna hawan jininta sau biyu a mako, domin masu emasi da ke shan wannan magani sun fi saurin samun hawan jini mai taɓa ƙwaƙwalwa: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ruɗewa ko farfaɗiya, wannan gudu ake yi zuwa asibiti. Kada ta sha lemun famfalimus, yana hana jiki fitar da maganin. Eritromisin, kilaritromisin da fulukonazol suna ɗaga shi. Rifamfisin na tarin fuka yana zubar da shi ƙasa har ya zama kamar ba ta sha. Ibuprofen da diklofenak, waɗanda gidan mai emasi ba ya rabuwa da su, yanzu a fitar da su daga ɗakinta, suna cutar da ƙoda suna kuma raunana plaket. Na masu tallan magani a faranti da jiƙe-jiƙen gargajiya, ko na wane ne, babu. Duk wanda zai rubuta mata odonans, a nuna masa jerin abin da take sha tukuna.

Maganin ƙarin jini kuma, surukarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, don a yawancin mutane ƙarancin ƙarfe ne ke kawo ƙarancin jini. Ɗiyarki akasin haka take. Kowace leda ta jini da aka taɓa ƙara mata ta bar kusan miligiram 200 na ƙarfe a jikinta, jiki kuwa abin da yake iya zubarwa bai wuce miligiram ɗaya zuwa biyu a yini ba. Ki ƙirga ledojin shekara 13 da na lokacin dashe. Rarar tana taruwa a hanta da zuciya da shi kansa ɓargon, tana rage masa ƙarfi. A auna feritin, awon ajiyar ƙarfe a jiki, lokacin da ba ta da masassara, don zazzaɓi yana ɗaga lambar. In ta haura 1000, likita zai tsara rage shi, sau da yawa ta hanyar ɗibar jini kaɗan-kaɗan bayan dashen ya zauna. Abin da za ki iya gaya wa kakarta shi ne, jikar tata ƙarfe ya yi mata yawa ne, in tana son taimakawa ta ɗauki nauyin dafa mata wake, ƙwai, nama, kifi da miyar zogale, duk dafaffu da zafinsu. Tsohuwa in aka ba ta aiki a jinyar, takan zama mai tsaron maganin da kanta.

In har ta kai ga ƙarin jini, kada a ɗauki na ɗan'uwa a sa mata kai tsaye, musamman na wanta. Dangi su bayar a ajiya, ita a ba ta na wani. Jinin da ya dace da ita wanda aka tace fararen ƙwayoyinsa ne aka kuma haska shi da na'ura don hana ragowarsu aiki, kuma rukunin jininta yana komawa na wanta in sun bambanta, don haka tsohon katinta ba abin dogaro ba ne. Ki nemi likitan Yamai ya rubuta wannan a takarda ɗaya tun yanzu, da lambar wayarsa, ki ajiye kwafi a jakarki. Tsakanin Tawa da Yamai ya fi kilomita 500, dare ɗaya na masassara ba ya jiran wannan tafiya; likitan da zai karɓe ta a asibitin Tawa yana buƙatar ya san abin da ke gabansa cikin minti biyar.

Masassara ita ce babbar magana, saboda garkuwa ta fi jini jinkirin dawowa. Netrofil sun dawo tun watan farko, amma ƙwayoyin da ke yin rigakafi suna ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin CD4, wani nau'in ƙwayoyin T, kuma sai sun bi ta wata ƴar halitta a bayan ƙashin ƙirji mai suna timus sun koyi aiki daga farko. Ƙari a kan haka, emasi ta riga ta raunana saifarta tun tana ƙarama, shi ya sa ba a daina fenisilin. Ki sayi ma'aunin zafi. In zafin jikinta ya kai 38, kada a ba ta farasitamol a jira safiya: asibiti, awon palu, NFS, kuma likita ya duba batun maganin ƙwayoyin cuta a take. Awon palu ya nuna akwai ba ya nufin babu wani abu tare da ita. Kada a ba ta Fansidar tana kan Bactrim, aikinsu iri ɗaya ne a kan folat, haɗuwarsu tana danne ɓargo. Gidan sauro mai magani kowane dare, har cikin rani.

Watannin da ke tafe suna da nasu haɗari. Yanzu kaka ce, ana sussuka ana shiƙa, ana zuba hatsi a rumbu. Ƙurar ƙaiƙayi, tsohuwar harawa, ginin da ake rushewa, akurkin kaji da ɗakin tattabaru duk suna ɗauke da fumfuna da ke shiga huhun mai raunin garkuwa. Kada ta yi shara, kada ta tsaya inda ake yi. A yayyafa ruwa kafin tsintsiya. Ranar da hazo ya sauko ta zauna ciki, in fita ta zama dole ta sa takunkumi. Ruwan sha a tafasa ya yi minti guda yana ɓararraka, a zuba a abu mai murfi da ba a tsoma moɗa. Nonon da ba a dafa ba, furar kan hanya, salati, kilishi da tsiren da ya huce a jira da su tukuna. Fura a gida da madarar da aka tafasa babu laifi.

Allurar rigakafin da aka yi mata tana jaririya duk ta goge tare da tsohon ɓargo, sabon karne za a buɗe. A wata takwas ya kamata a ce an fara ko ana shirin farawa da waɗanda ba su da ƙwaya mai rai: ta ciwon huhu, mashaƙo da tetanos da tarin shiƙa, shan inna ta allura, ciwon hanta B, mura, da sanƙarau. Ta sanƙarau ki matsa a yi ta kafin sanyi ya shiga sosai, kin san lokacinsa a ƙasar nan, daga hunturu har zuwa faɗuwar ruwa. Masu ƙwaya mai rai, ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara, sai an cika wata 24, babu GVH, babu maganin danne garkuwa. BCG da ɗigon shan inna na baki ba a ba ta su. Ƙannenta kuwa a yi musu rigakafinsu cikakke, su ne shingenta. In an ɗiga musu na baki, ƙwayar tana fita a bayan gidansu har mako shida, don haka a wannan lokaci kada ta yi musu tsarki ko ta taɓa fo, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu. In wani mai ƙyanda ko ƙaranbau ya zauna kusa da ita, a kira likita a ranar, akwai kariyar da ke aiki a kwanakin farko kawai.

Wannan ne ya kawo mu lakol. Aji cike da yara, ga lokacin ƙyanda da sanƙarau na gabatowa, tana kan siklosforin, rabon ɓargo kuma bai nuna inda zai tsaya ba: ba mu ga ta koma a wannan zango ba. A sake duba maganar idan dashen ya cika shekara, a Fabrairu, da awon CD4 a hannu da alluran farko a jiki. Amma kada a bar ta zaune tana kallon bango. Ki je wurin malaminta a riƙa aiko darasi, ƙawa ɗaya ko biyu masu lafiya su riƙa zuwa da yamma su yi karatu a tsakar gida inda iska ke wucewa. Ki ba ta wata da za ta ƙirga zuwa gare shi. Jira marar iyaka ne ke karya yaro.

Lokacin sauke siklosforin shi ne lokacin da GVH mai daɗewa ta fi fitowa, kuma uwa ce ke fara ganinta. Sau ɗaya a mako, da hasken rana, ki duba cikin bakinta: farin zane kamar saƙa a kumatu, ko ta fara cewa yaji da tonka suna ƙona ta alhali da tana ci. Ido mai bushewa kamar an zuba rairayi. Fata mai sauya launi, wani wuri ya yi duhu wani ya yi fari, ko ta yi tauri ta ƙi tsunkuwa. Ki sa ta haɗa tafin hannuwanta a gaban ƙirji ta ɗaga gwiwar hannu. In tafukan sun kasa haɗuwa, ko ta fara kasa zaman tahiya, a faɗa wa likita. Idon da ya yi ɗorawa, rama ba dalili, zafi ko bushewa a gabanta, wanda kunya za ta hana ta faɗa sai kin tambaya. Mafi ɓoyuwa ita ce ta huhu: busasshen tari da haki ba masassara. Abin da ta ɓata a huhu ba ya dawowa, shi ya sa ake son awon numfashi duk wata uku a shekara biyun farko, tun kafin haki ya bayyana. Rana tana tayar da GVH ta fata, don haka ta rufe jiki ta guji tsakar rana, man bilicin kuma ko kusa.

Akwai abubuwan da za a riƙa dubawa duk shekara ko ta warke sarai: tiroyid, tsawo da nauyi, ido, haƙora, ƙoda, da ƙugu in tana ɗingishi, domin ɓarnar da emasi ta riga ta yi wa ƙashi dashe ba ya gyara ta. Ki duba takardar sallama ki ga sunan maganin da aka kashe ɓargonta da shi. In busulfan ne, yana yawan taɓa ƙwan mace. Haila ta ƙi zuwa ko ta ɗauke, a auna sinadaran balaga; akwai maganin da ke maye gurbinsu ya kare mata ƙashi da girma, kuma cibiyar kula da masu emasi ta ƙasa da ke Yamai za ta iya haɗa ku da likitan da ya dace. Batun haihuwa ba a yanke shi yau ba, kada a bar kowa ya yanke mata shi a tsakar gida.

Abu na ƙarshe na shekaru masu zuwa ne, amma yanzu ake rubuta shi. Ranar da za a yi mata awon aure, jininta zai nuna AS, domin jinin wanta ake aunawa. Ƙwan da za ta haihu da shi kuwa nata ne na asali, SS, kuma kowane ɗa da za ta haifa zai karɓi S daga gare ta. In mijin AS ne, kowane ciki rabi da rabi ne ya zo da emasi. In AA ne, ƴaƴan duka AS za su zama, lafiya lau. Ki sa likita ya rubuta wannan da hannunsa ya buga hatimi, ki haɗa shi da takardar haihuwarta.